Kalmar "set": haruffa uku, ma'ana ta ƙi ƙarewa

Abban_Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙara na kawo, kuma Turawa nake ƙara. Jiya bayan isha'i 'yata ta kawo mini aikin gida, 'yar aji biyu ce a ƙaramar sakandare. Malaminsu ya ce kowa ya rubuta jimla biyar da kalmar "set", kowace jimla da ma'anarta daban. Na ce miƙo nan, wannan ai aikin minti biyu ne. Na ba ta na kujeru, na ba ta na talabijin, sai na ji kaina ya tsaya cak. Na ɗauko tsohon ƙamus ɗina da bangonsa ya yage tun ina makaranta, na buɗe wajen kalmar. Na gama shafi, na juya, har yanzu ita ce. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, na ci gaba da fitilar waya, yarinya ta yi barci a kan tabarma ta bar ni da "set". Don Allah wane irin yare ne zai ɗora wa kalma mai haruffa uku kayan da ko jaki ba zai ɗauka ba?

Dan_Zazzau77: Wa alaikumus salam. Bakano da ƙamus a hannu? Ashe duniya ta zo ƙarshe. Na ɗauka littafin bashi kaɗai kuke buɗewa.

Abban_Ilham: Ga Bazazzagi ya iso. Ilimi a gari, amma ku jira ku gani ko zai iya kawo ma'ana uku.

Malama_Hauwa_Eng: Wa alaikumus salam Abban Ilham. Ƙaramin ƙamus ma ka buɗe, ka gode wa Allah. Babban ƙamus na Oxford, bugu na biyu da ya fito a 1989, mujalladi 20 ne. A cikinsa kaf babu kalmar da bayaninta ya kai na "set" tsawo. Aikatau ɗin kawai, ban da suna da sifa, ma'ana 430 aka lissafa masa, kuma bayanin ya ci kalmomi kusan 60,000. Wato littafi guda sukutum a kan kalma ɗaya. Saboda haka biyar ɗin da malamin ya nema, sassauci ya yi wa yaran.

Ummu_Sudais: 430? Inna lillahi. Ni fa "set" ɗin da na sani guda ɗaya ne, na lefe. Akwati saiti biyu, saitin sarƙa da ɗan kunne da zobe, saitin kujeru, saitin tukwane. In ba ka kawo su ba to ka manta da sauran 429 ɗin.

Dan_Zazzau77: Hajiya wannan ma'anar ita ce ta hana rabin samarin zauren nan barci.

Birkila_Sani: Ni bari in ba ku tawa daga wajen aiki. Shekarun baya muna zuba dakin a wani gini, injiniyan ba Bahaushe ba ne, Turanci yake mana. Da muka gama zuba kankare a wani ginshiƙi ya kalli wani yarona lebura ya ce "allow it to set". Yaron ya ɗan taɓa boko, ya san "set" a wajen gyaran agogo da rediyo. Muna can muna cin ɗanwake, sai na hango shi ya kama katakon da aka daɓe ginshiƙin da shi yana jijjigawa, yana lumshe ido ɗaya yana auna shi da bango. Na ce kai me kake yi? Ya ce oga ya ce a saita shi. Wallahi da gudu na taso, kwanon ɗanwaken ya kife. Abin da mutumin yake nufi shi ne a ƙyale shi ya kama, kada kowa ya taɓa. Wato kalmar nan ɗaya tana nufin ka taɓa abu ka gyara, tana kuma nufin cire hannunka ka bar shi. Siminti kuwa ba ya son wasa, cikin 'yan awanni ya daskare, amma sai ya kwana 28 ana ba shi ruwa kafin a ce ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi.

Nura_Farmsenta: Hhhh oga Sani ka biya yaron kuɗin ranar kuwa? Mu a wajen gyaran waya kullum cikinta muke. Mutum ya zo ya ce a saita masa lokaci, a saita masa intanet, a saita masa ƙararrawar asuba. Ita kanta wayar ma ai hanset ce. Janareton da muke caji da shi kuma masu sayarwa su ce maka "gen set".

Kabiru_Lissafi: Kun manta da gwangwanin da kowa ya yi kuka a saya masa. Mas-set! Kamfas, ruler, abin auna kusurwa, da robobin nan biyu masu kusurwa uku. Abin dariyar, su ma robobin sunansu "set square". Wato akwai set a cikin set. Kuma sunan ya ce murabba'i alhali kusurwa uku gare su. A darasin lissafi kuma akwai wani set ɗin daban, tarin abubuwa da ake rubutawa cikin baka biyu masu lanƙwasa, wanda Georg Cantor ya kafa iliminsa a Jamus wajen 1874. Har akwai wanda babu komai a cikinsa, shi ma set ne.

Ummu_Sudais: Set ɗin da babu komai a ciki? Na san shi. Akwatin ƙarshe na lefen wata ƙawata.

Dan_Zazzau77: Malam Kabiru, a jikin gwangwanin ma ai Oxford aka rubuta. Su suka rubuta ƙamus ɗin, su suka sayar mana da gwangwani. Kasuwa biyu. Anya babu Bakano a cikinsu?

Kabiru_Lissafi: A'a, gwangwanin na kamfanin Helix ne, sunan kawai suka sa. Ba ruwansa da masu ƙamus.

Issoufou_Damagaram: Sallama daga Zinder. Ku da kuka yi Ingilishi kuna kuka da kalma ɗaya mai ma'ana da yawa. Mu da muka yi lakkwal da Faransanci namu ciwon ya bambanta: sauti ɗaya, rubutu barkatai. In mushe, wato malamin makaranta, ya buɗe baki ya ce "set" a darasin shifta, sai ka zauna kana tunani. Bakwai yake nufi, wato sept? Ko "wannan", wato cet ko cette? Akwai ma wani gari a bakin teku a kudancin Faransa, Sète, shi ma haka ake faɗinsa. Kuma saboda ƙarin wahala Faransawa suka aro naku na wasan tanis suka haɗa. Na sha bulala a kan wannan tun ina aji uku. Abban Ilham, ina gaida bayinmu na Kano.

Abban_Ilham: Issoufou yau an haɗa mini kai ke nan, Zazzau ta kudu Damagaram ta arewa. Ba komai, duk za ku zo Kwari sayen atamfa, a nan za mu haɗu.

Dr_Bashir_Harshe: Bari in ɗan sa baki, ko da yake na ga zauren ya fi son raha. Abin da ke rikita mutane shi ne ana kallon ma'anonin kamar tsakuwa a warwatse, alhali yawancinsu uwarsu ɗaya. A tsohon Ingilishi kalmar ita ce "settan", kuma ƙanwar "sit" ce. "Sit" shi ne zauna, "set" shi ne zaunar da. Daidai yadda muke da zauna da zaunar, sha da shayar, tsaya da tsayar. Su ma suna da irin waɗannan tagwaye, kamar "fall" da "fell", faɗi da kayar, ko "drink" da "drench", wadda asalinta shayarwa ce kafin ta koma jiƙa abu sharkaf. To in ka riƙe "zaunar da" a ranka, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗori ya zaunar da ƙashi a mazauninsa. Malami ya zaunar da tambayoyin jarrabawa. An zaunar da ranar biki, mu muka ce an sa rana ko an tsayar da rana. Maƙerin zinariya ya zaunar da dutse a kan zobe. Kankaren Malam Sani ya zauna daram. Rana ma da yamma, a wurinsu zama take yi.
Sai dai na Hajiya Ummu Sudais ba 'yar gidan ba ce gaba ɗaya. "Set" mai nufin tari ko rukuni ta biyo ta tsohon Faransanci ne daga kalmar Latin "secta", wato ƙungiyar mutane masu bin hanya ɗaya. Daga baya ta cakuɗe da ɗayar har aka daina bambanta su. Baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida.

Ummu_Sudais: Allah gafarta malam, baƙuwa ko 'yar gida, a dai kawo akwatunan.

Sadiya_KD: Mu rana faɗuwa take yi, su kuma zama take yi. Ko a nan ka san wa ke cikin wahala.

Aliyu_Mai_Musu: Dakta da girmanka, amma ban yarda ba. In "set" zaunarwa ce, yaya za ka yi da "set off"? Tashi a kama hanya ke nan. Ina zama a nan? "Set fire" fa, zaunar da wuta ake yi ko cinna ta? Sannan masu tsere, ana ce musu "get set" a daidai lokacin da za su zura da gudu. Kalmar da ke nufin zauna kuma tana nufin tashi, ai ba uwa ɗaya ba ce, rikici ne kawai.

Dr_Bashir_Harshe: Malam Aliyu sunanka ya bi ka. Na wuta mai sauƙi ne, mu ma "sa wuta" muke cewa, ɗora ta ake yi a jikin abu. Na tsere kuma durƙusawa suke yi su kafe kafin a busa. Na "set off" ne zan ba ka rabin gaskiya, ta yi nisa da gida. Amma ai ka san yadda abin yake, ka ɗora mutum a kan hanya, daga nan ma'anar ta zame ta koma tafiyar kanta. Kalma in ta shekara dubu ana amfani da ita, jikokinta ba duka ne za su yi kama da ita ba.

Aliyu_Mai_Musu: Rabin na karɓa, sauran rabin ina bin ka bashi.

Maman_Zara_UK: Ni tawa ta ba ni kunya ne a nan Ingila. Ɗana ya dawo daga makaranta yana murna ya ce an sa shi a "top set" a lissafi. Ni kuma a gida abin da na sani, in an ce set a makaranta to 'yan shekara ɗaya ake nufi, kamar mu 'yan set ɗin 2004 da har yanzu muke da zaurenmu a WhatsApp. Sai na ɗauka tsallake aka yi masa zuwa ajin manya, har na kira kakarsa a Gusau na yi mata albishir, ta yi guɗa. Ashe a nan raba 'yan aji ɗaya suke yi rukuni-rukuni gwargwadon ƙoƙarinsu a darasi, kowane rukuni set ne. Har yau ban koma na gyara wa Hajiya zancen ba.

Sadiya_KD: Anti ki bar ta da guɗarta, ai dai na sama ne.

Baba_Tsohon_Soja: Yara ku saurara. Na ga kuna ta cewa saiti daga "set" ne. Na lefe da na kujeru na yarda. Amma saitin bindiga ba daga nan ya zo ba, ni a ganina. Abin da ake leƙawa a kan bindiga a auna, sunansa "sight". Shi ne soja ya mayar saiti. Ku duba da kunnenku: "line" ya zama layi, "tyre" ta zama taya, "lighter" ta zama laita. Shi kuwa "bench" benci ya zama, ba bainci ba. To da "set" ce ai seti za mu ce. Shi ya sa in ka ce mota ta tsaya saitin ƙofar gida, ko ka ce wane ya fita daga saiti, maganar aunawa kake yi, ba maganar akwati ba.

Dr_Bashir_Harshe: Ranka ya daɗe Baba, wannan hujja ce mai nauyi. In haka ne, to mu ma mun yi abin da Turawan suka yi, mun zuba kalmomi biyu a tukunya ɗaya.

Nura_Farmsenta: Baba ni dai a kasuwa ina jin masu cewa seti da masu cewa saiti, kuma duk kuɗi ɗaya nake karɓa.

Hassan_Wasanni: Ba wanda ya taɓo wasanni sai Issoufou da ya wuce ta kai. A tanis wanda ya fara cin wasa shida da ratar biyu ya ci set guda. A Wimbledon ta 2010 John Isner da Nicolas Mahut sun buga set na ƙarshe har 70 da 68, wasan gaba ɗaya ya ci awa 11 da minti 5 cikin kwana uku. A ƙwallon raga kuma abin ya fi haka, zagayen da ake ci da maki 25 set ne, ɗaga ƙwallon da ake yi wa mai dukan ƙarshe shi ma set ne. Ka yi set don ku ci set.

Fati_Kamara: Mu kuma 'yan fim in muka ce muna kan set, wajen ɗaukar shiri muke nufi. Mahaifiyata ta daɗe tana zaton wata kujera ce nake hawa.

Gambo_Wudil: Ni fa duk wannan ƙarar ta Abban Ilham ban ga inda za ta tsaya a kotu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku da kuke zagin "set" mai haruffa uku, kun manta da "ci" mai haruffa biyu? Ka ci tuwo, ka ci kasuwa, ka ci bashi, ka ci riba, ka ci amana, ka ci mutunci, ka ci fuska, ka ci zarafi, ka ci gado, ka ci sarauta, ka ci zaɓe, ka ci jarrabawa, ka ci ado, ka ci karo, ka ci gaba, ka tafi cin rani. Wuta tana ci, mota tana cin mai, kuma ita motar tana cin mutum goma sha takwas ba tare da ta kashe kowa ba. Akwai wani ɗan bautar ƙasa daga kudu da aka turo garinmu, yana koyon Hausa da ƙwazo, har da ɗan littafinsa a aljihu. Na ce masa kasuwar Wudil ranar Juma'a take ci. Ya rubuta, ya ɗago ya ce me take ci? Na ce a'a, mutane ne ke cin ta. Ya soke abin da ya rubuta. Bayan kwana biyu ya ji ana cewa an ci wani direba tara. Ya zo mini ido waje, wai su wane ne suka cinye shi, kuma yaya aka yi har sau tara?

Sadiya_KD: Wayyo cikina! Sau tara!

Dan_Zazzau77: Malam Gambo akwai saura guda ɗaya da ka tsallake.

Admin_Zaure: Ɗan Zazzau, akwai iyaye a zauren nan. A bar ta inda ya bar ta.

Dr_Bashir_Harshe: Malam Gambo ya taɓo inda masana suka yi rubutu. Philip Jaggar da Malami Buba sun fitar da nazari a 2009 a kan "ci" da "sha" a Hausa. Abin da suka lura shi ne, "ci" ta fi tafiya da rinjaye, kai ne a sama: ci nasara, ci gari, ci zaɓe. "Sha" kuma ta fi tafiya da abin da ya sauka a kanka: sha wahala, sha kaye, sha duka, sha rana.

Aliyu_Mai_Musu: To wanda ya ci baƙar wuya fa, wa ya rinjaya? Wanda ya fita shan iska kuma, wace masifa ce ta sauka a kansa? Dakta bashina ya zama biyu.

Issoufou_Damagaram: Ku ƙara da "kai". Kai, kai kai za ka kai? In mushe Bafaranshe ya ga wannan a rubuce sai ya ajiye alli.

Malama_Hauwa_Eng: Issoufou wannan daban ne, kalmomi ne mabambanta da rubutun boko ya haɗa su, kamar wuya ta jiki da wuya ta wahala, ko gari na zama da gari na tuwo. A baki karin sauti ko tsawon wasali yana raba da yawansu. "Ci" kuwa kalma ɗaya ce ta yi rassa, ita ce daidai da "set".
Af, na manta ban faɗa ba ɗazu. "Set" ma fa an ƙwace mata sarautar. Da masu ƙamus ɗin suka fara sabunta shi, daga harafin M suka soma. A 2000 "make" ta wuce ta, a 2007 "put" ta karɓa, a 2011 kuma "run" ta zo da ma'ana 645 a aikatau kawai. Mutum ɗaya, Peter Gilliver, ya shafe wata tara yana aikin wannan kalmar.

Ummu_Sudais: Wata tara? Ai haihuwarta ya yi.

Kabiru_Lissafi: Amma Malama a yi adalci. Waɗancan an sake musu ƙidaya, ita kuma lissafin da aka kwatanta da shi tsoho ne, tunda S tana bayan R. Kamar ka gwada ƙidayar Kano ta bana da ta Zariya ta shekarun baya ne.

Dan_Zazzau77: Na gode Malam Kabiru. Dama mun san da maguɗi.

Birkila_Sani: Nura ka tambaye ni ɗazu, na biya shi. Yanzu ma shi ne babban birkilana. Amma har yau sunansa a wajen aiki Saita.

Abban_Ilham: Jama'a na dawo da rahoto. Na kwashi naku na ba ta: na kankaren Malam Sani, na faɗuwar rana, na ƙararrawar Nura, na akwatin Hajiya, da na tanis. Ta samu huɗu cikin biyar. Malamin ya soke na ranar, wai ta rubuta "the sun set yesterday" ba ta sa alamar shuɗewar lokaci ba. Malama Hauwa, ba haka ake faɗa ba?

Malama_Hauwa_Eng: Yarinya ta yi daidai. Kalmar ba ta canzawa, jiya set, yau set, an riga an yi ma set. Babu wani "setted". Ta koma da littafin ta nuna masa cikin ladabi.

Abban_Ilham: Ta koma, ya duba ya gyara mata, Allah ya saka masa. Amma ya ce tunda ajin sun ji daɗin aikin, mako mai zuwa jimla goma za su kawo da "run". Na riga na ce mata ranar a gidan kawunta za ta kwana.

Gambo_Wudil: Ka turo ta wajen Ɗan Zazzau, har yanzu muna jiran ma'ana ukun da ka nema a wurinsa.

Ummu_Sudais: Kafin a watse, don Allah wa ya san nawa saitin kujeru mai mutum bakwai yake yanzu? Da gaske nake tambaya.